Zanen Hilda Ba Ya Zama a Wurin Kowa

Hilda Wilson injiniya ce a Jimeta. Sassan injin casar masara take zanawa a kwamfuta, masu walda a garejin Alhaji Bobboyi su ƙera wa manoma. Su ba ruwansu da karanta awo. Takan buga zanen a takarda daidai girman abin, su manna shi da sitaci a jikin ƙarfe, su bi layi su yanka.

Shekarar da aka katse layukan waya a Adamawa saboda Boko Haram, manhajar da take zane da ita ta ce sai ta gaisa da masu ita a ƙasar waje kafin ta buɗe. Babu sabis, babu gaisuwa. Zanen yana cikin kwamfuta, kwamfutar tana kan cinyarta, amma ya fi ƙarfinta. Kaka ta zo babu injin ko ɗaya. Daga nan ta koma wata manhaja ta kyauta, mummuna, mai nawa, wadda ba ta da ubangida.

Bana wata ƙungiyar agaji ta kawo wa garejin kwangilar injina. Jami'inta Muktar ya zo da sharaɗi: a yi zane da manhajarsu, komai ya zauna a intanet don ofishin Abuja ya riƙa gani.

"Madam, taki ai ta tsufa," in ji shi. "Tamu, ko kwamfutarki ta faɗa kogin Binuwai, zanenki yana nan."

"Yana nan a wurin wa, Oga?"

"Wurin kamfanin mana."

"Ranar da suka hana ni fa? Mai unguwa zan kai su?"

Alhaji ya ja ta gefe. "'Yata, masu waldan nan aiki suke jira. Danna abin da ya ce kawai."

"Bappa, garejinka ne, karɓi aikinka. Ni dai ba na sake bai wa wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba ajiyar zanena."

Alhaji ya karɓi aikin, ya nemo wani mai zane. Hilda ta loda kwamfuta da firinta a Keke Napep zuwa ɗakinta a unguwar Shagari Low Cost. Yanzu ƙananan masu walda na bakin titi take yi wa zane, aikin kuma bai kai rabin na da ba.

Tun da ta bar garejin, sabis bai ɗauke ba ko sau ɗaya, kuma babu wanda ya gaji da gaya mata haka. Takan ce ta ji.