Ranar da Na Tambayi Kwamiti Wa Ya Zaɓe Su

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina sabon ango a ƙauyenmu da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Muna da 'yar ƙungiyarmu ta manoma, mu ke zaɓen shugabanta a ƙofar mai gari. Sai aka zo aka ce a haɗa ƙungiyoyin ƙauyuka ƙarƙashin wata babba mai ofis a Funtua, ta hannunta za a riƙa samun irin auduga da takin zamani. Muka amince. Ba wanda ya tambayi yadda za a samo shugabanninta. Mun dai ji an naɗo kwamiti daga sama, yawancinsu attajirai da ko hanyar garinmu ba su sani ba.

Wata bazara suka aiko da umarni: kowa ya shuka auduga a rabin gonarsa, garin da ya ƙi a hana shi iri da taki. Mu kuwa daminar bara ta yi gardama, rumbunanmu sun yi ƙasa tun kafin shuka. Auduga ai ba a tuƙa tuwo da ita.

Da yake na ɗan taɓa elementare, kuma bakina ba ya shiru, ni gari ya tura taron da kwamitin ya kira. Abokina ya rako ni, wani Bamaguje daga tsallaken rafi, mutum mai ƙarancin magana. Mutanen ƙauyensu ma suna cikin ƙungiyar, amma ba a taɓa gayyatarsu ba. Ina tura keke mahaifiyata ta biyo ni har zaure.

"Ka kama bakinka. Zamanin nan da ka yi tari sai a ce ɗan adawa ne, a kai ka gaban alƙali."

A ɗakin taro 'yan kwamiti na kan kujeru, mu wakilai muna kan tabarmi, 'yan doka na tsaye bakin ƙofa. Shugaban, wani Alhaji mai sanyin murya, ya maimaita umarnin, ya ce ko da mai magana, alhali ya riga ya fara tattara babbar rigarsa zai tashi.

Na miƙe. Duk jawabin da na yi ta haddacewa a hanya ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, wai wa ya zaɓe ku?"

Alhaji ya koma ya zauna.

"Yaro, wace jam'iyya ta aiko ka?"

Kafin in haɗa amsa, ɗan doka ya damƙi hannun rigata ya fara jana. Na tuna amaryata, na fara salati a zuci. Sai na ji muryar abokina a bayana.

"Alhaji, in za a tafi da shi a haɗa da ni. Ni ma ban zaɓe ku ba. Gonar tawa ce, 'ya'yan da za su kwana da yunwa ma nawa ne."

Wani dattijo daga Mahuta ya dogara sandarsa ya miƙe. Mutanen Dandume suka bi shi. Ba ihu, ba zagi, tsayuwa kawai ake yi, har tabarmin suka zama wayam.

Alhaji ya ce, "Mu muka nemo muku takin nan. Ba don haɗuwar nan ba, wane gari cikinku zai same shi shi kaɗai?"

Dattijon ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji, ba mu ce a watse ba. Amma wanda zai faɗa mini abin da zan shuka, ya zama da hannuna na ɗora shi, in ya ɓata in iya sauke shi."

Alhaji ya dube mu, sannan ya yi wa ɗan dokan alama ya sake ni. Aka jingine umarnin. Sai bayan kaka, da ja-in-ja mai yawa, aka yarda ƙauyuka su zaɓi rabin 'yan kwamitin. Rabi dai, ba duka ba.

Ranar zaɓen yankinmu na sha sabon ɗinki, don a ganina kujerar tawa ce. Ni da abokina muka tsaya takara, aka ce kowa ya yi layi bayan wanda yake so. Na waiwaya, sai surukina da ƙannena. Layin abokina kuwa har ya karya kwana, ga kawuna tsaye a ciki. Da na yi wa kawun nawa ƙorafi ya ce, "Kai ka yi tambayar, amma shi ya miƙe bayan ya ga an kama mutum."

Na yi fushin mako guda, ba zan ɓoye ba. Yanzu in na ji a rediyo manyan ƙungiyoyin ƙasashe sun yanke wa jama'a hukunci daga nesa, nakan ji hannun ɗan dokan nan a rigata, in yi addu'a Allah Ya ba su mai tambaya da mai mara masa baya. Abu ɗaya dai nake gaya wa matasa masu neman a ba jama'a zaɓi: ku shirya, don in an ba su, ba lallai ku za su zaɓa ba.