Jarka Biyu a Ruwan Yawuri

Ana sallame sallar asuba muka bar Aliero, ni da ƙanena da Baba, a tsohuwar motata wadda warin albasa ya riga ya zama nata. Wanda ya san ni ya san ba ni da yawo, daga gida sai fadama, daga fadama sai kasuwa. Baba ne ya ja mu. Yana saurayi ya yi shekaru yana kai irin albasa ƙauyukan bakin ruwan Yawuri, kuma tun da ciwon suga ya zaunar da shi ba shi da wata hira sai ta ruwan nan. Na ce to, kafin a fara dashe bari in kai shi ya gani da idonsa, mu kwana ɗaya cikin jirgi mu dawo.

Yayarmu ta rako mu har bakin mota da kwalabe biyu na allurarsa. Ɗaya an fara ta, abin da ya rage a ciki na allura biyu ne. Ɗayar sabuwa ce, ta ce kada in bari ta sha zafi. "Sahe da marece, kak ka bari lokaci shi wuce. Tsohon ga amana na," in ji ta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, komai na lissafa.

Lissafin kuwa ga shi. Na yi waya da wani mai jirgi a Yawuri, ya ce yawon da muke so zai kai awa goma ana tafiya. Ni kuma shekara da shekaru ina fama da injin ban ruwa, na san lita ɗaya yake sha a awa kamar yadda na san sunana. Na ce injin jirgi ya fi nawa girma, bari in ninka sau biyar. Lita hamsin ke nan, jarka biyu cif. A gidan mai na Jega na cika su, ina jin kaina wani masani, don na ji labarin yadda 'yan bumburutu na bakin ruwa ke tsawwala wa baƙo.

A Maiyama muka karya. Wata dattijuwa ce a gefen titi take suyar ƙosai mai yaji, ga kunun tsamiya da zafinsa. Baba ya sha nasa ba sukari yana harararmu. Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, wasu har sun fara yanka. Hanyar kuwa, inda ta yi kyau ta yi kyau, inda ta lalace sai ka rasa ramin da za ka zaɓa. Duk ramin da muka faɗa sai jarkokin su yi ƙugi a but, ni kuma in ji daɗi, dukiyata ce ke magana.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Yawuri. Na fara kai sabuwar kwalbar allura shagon wani ɗan'uwanmu mai firji, sannan muka gangara bakin ruwa. Jirgin na katako ne, dogo, da rumfar kwano, irin wanda 'yan kasuwa ke loda wa buhuna. Mun shimfiɗa katifa da tabarmi, mun ajiye murhun gawayi da tukunya da buta, sai ga shi ya zama ɗaki. Mai jirgin wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya dubi jarkokina, ya ɗaga ɗaya ya jijjiga.

"Alhaji, wanga mai ba ya isa. Ƙara guda."

Na tambayi kuɗin jarka a wurin, aka faɗa mini, na ji kamar an mare ni. Nan take zuciyata ta ba ni cewa bakinsu ɗaya da masu man. Na zauna na yi masa bayanin injin ban ruwa tiryan-tiryan, har da ninkawa sau biyar. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Injinka zaune shi ke wuri guda," ya ce. "Amma to. In haka na, sai mu hwara da tabki yau, gobe mu haura gulbi."

Wannan ya ɓata mini rai. Tsarina shi ne mu fara haurawa arewa zuwa ƙauyen da Baba ya yi zama, mu kwana can, washegari mu gangara kudu inda ruwan ya buɗe ya zama tabki, mu dawo. Shi kuma ya juya mini shi baya-gaba. Na yi musu, ya ce in ba haka ba jirginsa ba ya tashi. Baba na zaune kan katifa yana kallon ruwa kamar ba ya jin mu. Dole na haƙura, ina gunaguni.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Tun ina hango gaɓa har na daina, ko'ina ka duba ruwa ne da sama. Masunta na wucewa a ƙananan kwale-kwale suna ɗaga mana hannu, mata na tuƙi da jarirai a baya ko a jikinsu. Ƙanena da ya cika mu da baki a mota ya riƙe katakon rumfa bai sake shi ba sai da azahar. Mun sayi kifi, ragon ruwa, a hannun wani masunci, muka yi farfesu a cikin jirgin da albasar da na taho da ita. Baba ya ci har ya nemi ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba. Da la'asar sakaliya muka ɗaure jirgi a wani tsibiri, na yi masa allurar yamma, muka kwana nan sauro na yi mana hidima.

Da safe na yi masa ta biyu, kwalbar ta ƙare. Na tsoma kara a jarka kamar yadda nake yi a fadama: ta farko ta tafi, ta biyu ba a taɓa ta ba. Rabin tafiya, rabin mai. Da muka zo wucewa ta gaban Yawuri mai jirgin ya rage gudu ya nuna mini gari da haɓa, ko za mu tsaya. Na ce mu wuce, ai kafin la'asar mun dawo. Ko allurar ban tsaya ɗauka ba. Wannan wautar har yau ban manta da ita ba.

Muna shiga gulbi sosai na gane abin da ban sa a lissafi ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika yana gangarowa da ƙarfi, mu kuma muna haurawa. Injin na ihu, jirgin na rarrafe. Wata bishiyar giginya da na sa wa ido a gaɓa, mun fi minti goma ba mu rabu da ita ba. Tafiyar da aka ce mini awa biyu ce sai da ta ci kusan huɗu.

Ƙauyen kuwa mun same shi, kuma Baba ya sami abin da ya zo nema. Wani tsoho ya gane shi tun daga nesa, suka rungumi juna suna lissafa waɗanda suka rasu. Aka kawo mana fura da soyayyen kifi. Ni dai hankalina na kan jarka. Na tambaya ko ana sayar da fetur, aka ce sai ranar kasuwa, jibi.

Mun juyo bayan azahar. Ba mu yi rabin awa ba injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na ɗaga jarkar, ba nauyi. Na duba waya, ba sabis. Na dubi Baba, ga rana ta fara karkata, ga allurarsa can cikin firji a Yawuri. Wallahi sai na ji muryar yayarmu a kunnena tana cewa amana.

Mai jirgin kuwa ya miƙe. Ya ɗaga injin daga ruwa, ya jawo filafili daga ƙarƙashin katako, ya zauna a baya ya daidaita kan jirgin zuwa tsakiyar gulbi. Sai na lura gaɓa na tafiya. Ruwan da ya wahalar da mu da safe shi ne yanzu ya ɗauke mu, a hankali, yana kai mu inda muka fito.

"Tun jiya nis san ƙarewa zai yi," ya ce, idonsa na kan ruwa. "Shi as sa nib bar gangara ta ƙarshe. Da cikin tabki yam mutu muna, sai dai mu kwan can."

Kunya ta rufe ni, daɗi kuma ya cika ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Baba kuwa ya gyara zama ya jingina da rumfa. Ya ce haka suke tafiya a zamaninsu, ba inji ba hayaƙi, kana jin kukan tsuntsaye da motsin kifi. Ya riƙa nuna mana wurare yana kiran sunayensu. Ni ina kallon rana, shi yana kallon ƙuruciyarsa.

Ana kiran magariba jirgin ya taɓa gaɓar Yawuri. Ban jira an ɗaure shi ba, na yi tsalle cikin ruwa har gwiwa, na hau babur zuwa shagon nan. Da na dawo na tsira wa Baba allurar, sai da na zauna a ƙasa na yi hamdala. Na je na ba mai jirgin haƙuri a gaban mutane, ya yi murmushi kawai ya ce in gaida gida.

Washegari da hantsi muka shigo Aliero. Abin da na koyo ba shi da yawa: sanin injin fadama bai sa na san ruwa ba, kuma in mai sana'a ya ce ka ƙara, ka ƙara, musamman in akwai ran wani a hannunka. Tun daga Jega nake shirya yadda zan faɗa wa yayarmu, ina jiran faɗan da na cancanta. Tana tambayar yadda aka yi, ƙanena ya buɗe baki, sai Baba ya riga shi.

"Lahiya lau. Da za mu dawo ma ɗan ga kashe inji yas sa anka yi, don in ji ruwa kamar zamanin da."

Ta yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na karɓa, Baba na kallona ta gefen ido.