Hedima da Farar Saniya

Sanyin Jos na tsakiyar damina ba ya sallama. Mu da muka tashi a Tudun Wada mun san kwanakin da ruwa zai wuni yana yayyafi, har zakara ya fasa cara don baki ya ƙi buɗuwa. A irin wannan yammaci ne Kaka take jawo kaskon wuta tsakiyar ɗaki, ta binne dankalin turawa a toka, mu jikoki shida mu kewaye ta. Ni take kira mijinta, kuma da ni take fara zagi.

"Matsa can, mijin banza, ka tare min wuta da ƙaton kan nan naka. Ga ta nan tana tafe, mai surutu ba shi da dankali."

Akwai tatsuniya ɗaya da take maimaitawa duk shekara, ta wani hedima mai kula da leburori a ramin kuza. In ta zo kansa sai ta taɓe baki har ya kusa taɓa kunnenta. Wai mutumin nan ya saba tsawa, in ya yi atishawa mutum hamsin sai su ɗauki shebur. Matarsa tana da farar saniya mai maraƙi, kuma da madararta ake rayar da 'yarsu da aka yaye, wadda ba ta haɗiyar komai sai kunu da madara.

Rannan zazzaɓi ya kwantar da matar. Hedima ya leƙa turke ya ga maraƙi yana tsotso, ransa ya ɓaci. A ganinsa ɓarawo ne ake kiwo a gida. Ya ja shi kasuwa, ya musanyo shi da keke mai ƙararrawa.

Da safe ya tsuguna da ƙwarya. Ya ja, ya matsa, ko ɗigo babu. Hantsa cike take tam, amma saniya ta ɓoye nononta.

"Sai ya miƙe ya yi mata tsawar leburori," in ji Kaka. "Ita kuwa ta dube shi yadda ake duban kashin kaza a bakin ƙofa, ta ci gaba da tuƙa."

Ya ɗaure mata ƙafa, ta zubar da ƙwarya. Ya ba ta dusa da kanwa, ta cinye tas, ta hana. Kwana biyu hantsa ta kumbura ta yi zafi, yarinya kuma tana kuka har muryarta ta dushe. Sai dabara ta zo masa. Ya ɗaura zanen matarsa, ya kafa ɗankwali, ya tsuguna yana kukan maraƙi, ga gemu a waje. A nan Kaka take kwaikwayonsa, mu kuwa mu faɗi muna birgima.

"Saniya ta sunsuna shi sau ɗaya, ta ji warin taba, ta aika shi cikin kwata da ƙafar baya. Matar tana kwance tana kallo ta ƙofa. Ta ce, Maigida, in ka gama wasan, je ka dawo mata da ɗanta."

Haka ya tura keke ya mayar, ya saɓo maraƙi a wuya, ya ratsa unguwa ana nuna shi. Maraƙi ya tunkuyi hantsa sau uku, uwar ta lashe shi, madara ta zubo kafin a kawo ƙwarya. Yarinya ta sha ta yi barci. Kaka sai ta tone dankali ta ce, "Ta ƙare, kan hedima a kwata."

Shekara arba'in ina raina mutumin nan. Duk wawan da na gamu da shi a ofis, da hedima nake auna shi.

Bara na bar aiki, na sayi saniya mai maraƙi a bayan gari don jikata ta riƙa shan madara mai kyau. Wani yaro da na kalla a bidiyon waya, wanda na tabbata bai taɓa taka kashin shanu ba, ya ce manomin zamani ba ya barin maraƙi kusa da uwa. Na kulle maraƙi a shagon maƙwabci. Saniya ta ɓoye nono. Na kunna mata kukan maraƙi a waya, ta juya min baya. Kwana biyu hantsa ta fara tauri, jikata tana miƙo kofi babu komai. Da safe na tsaya ina kallon zanen matata a kan igiya, kallo mai tsawo.

"Baban Asabe, kada ka kuskura ka taɓa zanen nan," in ji ta daga kicin. Ta kira Gwaggo, yayar mahaifina, ta sa wayar kowa na ji.

Gwaggo ta yi dariya har ta sarƙe. "Ai ni ce yarinyar da ke kukan. Hediman kakanka ne, wanda aka sa maka sunansa. Saki maraƙin nan, ɗan nema."

Na sake shi. Tunkuyi uku, madara ta zubo.

Yanzu na gane Kaka ba tatsuniya take mana ba, tsohon haushi take hucewa, kuma na gane dalilin da idonta yake kaina in ta taɓe baki. Saniya ba famfo ba ce, ba ta sakin nono sai hankalinta ya kwanta, ta ji ɗanta a gefe da hannun da ta sani. Kullum da safe matata ce ke tatsa. Ni aikina riƙe igiyar maraƙi, daga nesa, kuma an ce kada in yi magana.