Filashin Juma'a na Yaya Sabo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, dillalin shanu a kasuwar Wudil. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ga mutum ya kafa waya a baki yana zuba saƙon murya, sai in ce ko me zai ce da wannan zamani.

Shi dai layi uku gare shi, a naɗe cikin hularsa. Duk kamfanin da ya yi garaɓasa a makon, shi ne nasa. Doguwar gaisuwa kuwa ba ya yarda da ita a waya. Kana "ina gajiya" zai ce, "Kai, faɗi maganar, kati na tafiya!" Amma layin da Innarmu ta sani bai taɓa barin sa ya mutu ba. Duk Juma'a in kasuwa ta tashi, zai yi mata filashin sau ɗaya can ƙauyenmu Utai. Ba ta ɗagawa, ta san ma'anar: an tashi lafiya.

Yau manhajar hira ta ƙwace wa kamfanonin kira kasuwa, sun koma rige-rigen sayar da data. Inna kanta takan zuba gaisuwa a zauren dangi, har awaki take tambaya. Ina jin da Yaya zai so arahar, amma surutun zai ishe shi. Abin da na kasa sani shi ne ko zai bar filashin, tunda yanzu an daina yayinsa.

Da layin nasa ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ya sayar wa wani. Bara sai ga hoton wata yarinya a manhajar, ƙarƙashin sunan Sabo. Hankalina ya tashi, don Inna ba ta taɓa yarda a goge lambar ba. Kafin in yi dabara Inna ta riga ta kira.

Ashe ɗalibar jami'ar nan ce ta Wudil, 'yar Yola. Inna ta ba ta labarin duka. Yarinyar ta ce, "Allah Ya jiƙansa, Inna. Wane lokaci yake yi?"

"Bayan la'asar, 'yar nan."

Shanun sun tafi, hular ma an bayar. Amma duk Juma'a bayan la'asar wayar Inna takan yi ƙara sau ɗaya ta tsaya, da sunan Sabo a kai. Ba ta ɗagawa. Sai ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da tsintar wakenta.