Teburin Baba Zane

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a shagon ɗinkin da muke aiki ba mai kiransa da sunansa. Baba Zane ake ce masa, har waɗanda suka riga shi furfura. Aikinsa zana kwalliya a jikin yadi kafin a miƙa wa masu surfani su bi da zare. Ni kuma ina can ƙuryar shago kusa da mai guga, ina sa maɓalli ina kalmasa, kuma ni ce mai bakin wurin, wannan kowa ya shaida.

Shi ya raine ni. Da mahaifinmu ya rasu Yaya ya ajiye makaranta ya shiga wannan shagon yana shara, tun mahaifin mai shagon na yanzu yana da rai. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa zane, kallo ya yi har hannunsa ya faɗa. Da wannan hannun ya yi min makaranta, ya aurar da ni, da mijina ya rasu kuma ya je ya kwaso ni da 'ya'yana ya ba mu ɗaki a gidansa, ya nema min kujera a shago. Bai taɓa goranta min ba. Ko da yake Yaya ba ya goranta wa kowa komai, don maganar ma sai an matsa masa kamar man goge baki.

Teburinsa yana jikin taga. Katakon ya lotsa a inda yake dafa gwiwar hannu. Akwai gwangwanin madara cike da biro da alli, da wata rula da ban taɓa ganin ya ja layi da ita ba. Idan aka kawo yadi sai ya shimfiɗa, ya shafe shi da tafin hannu, ya zuba masa ido har ka ɗauka ya manta da kai. Sannan ya ɗora biro a wuyan rigar ya tafi, ba gogewa ba komawa baya. Kuma duk abin da yake nasa yana da alama. A shagon tela almakashi ƙafa gare shi, kowa ya san wannan, don haka kowannenmu yana yi wa kayansa shaida. Ni jan zare nake ɗaurawa. Yaya kuwa ɗan ganye yake kartawa da bakin allura, a almakashi, a rula, har a gindin kofin shayinsa.

Ana nan sai mai shago ya sayo injin surfani mai aiki da kwamfuta. Ƙato ne, mai kawuna a jere, da aka kunna shi sai da gilashin taga ya ɗauki rawa. Tare da injin aka kawo mutumin da zai riƙa sarrafa shi. Na so in tsane shi, wallahi na yi ƙoƙari, amma mai injin mutumin kirki ne, yana gaida Yaya da rusunawa.

Mai shago ya kira Yaya ya yi masa bayani a tsaye. Injin ba ya ganin biro a jikin yadi, sai abin da aka zuba masa daga kwamfuta. Mai injin yana da zane-zane barkatai da yake saukowa da su daga intanet, amma manyan kwastomomi hannun Baba Zane suke so. To, idan Yaya zai iya kawo zanensa a kwamfuta kafin ƙarshen wata, teburinsa na nan. Idan ba zai iya ba, akwai inji na biyu a hanya, kuma jikin tagar nan ne kawai zai ɗauke shi. Na tsoma baki daga inda nake, na ce ai sai ya zana a takarda a ɗauki hoto. Mai shago ya ce hoton ma sai mai injin ya sake bi layi-layi, shi kuma ba zai biya mutum biyu a kan wuyan riga ɗaya ba.

Yaya ya sayar da babur ɗinsa. Ranar da mai saye ya zo ya tura shi, matarsa ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai la'asar.

Ni na raka shi shagon kwamfuta, a saman wani bene mai matsattsen matakala. Mai kwamfutar wani ne mai tabarau, ba ya cika baki. Da ya ji irin aikin da za a yi sai ya ɗauko guda biyu ya ajiye a kan kanta. Ɗaya baƙa ce mai kauri, mai sauƙin kuɗi, ana aiki da ita da mawus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Ɗayar siririya ce mai ruwan toka, murfinta yana lanƙwasawa har ya koma baya ta kwanta kamar faranti, kuma tana da alƙalaminta da ake rubutu da shi a kan gilashin. Kuɗin babur zai saye ta, amma ko na mota ba zai rage ba.

Mai kwamfuta ya kwantar da ita ya miƙa wa Yaya alƙalamin. Yaya ya shafi gilashin da tafin hannu yadda yake shafar yadi. Sai ya ɗora alƙalamin ya tafi. Reshe ya fito, ya murɗa, ya fitar da fure, ya sauko ɗaya gefen daidai da ɗan'uwansa. Wata mata da ta kawo gyaran caja ta matso tana leƙe. Ni kam sai da idona ya ciko, don tun ranar da injin nan ya shigo ban ga fuskar Yaya a sake haka ba. Mai kwamfuta ya ce, "Baba, wannan ita ce taka."

Sai Yaya ya ajiye alƙalamin ya ɗaga kwamfutar. Ya ninke ta, ya buɗe, ya mayar da ita baya, ya kara kunne a wajen lanƙwasar. Ya ɗora ta a tafin hannu yana jin nauyinta, ya ɗauki baƙar ma ya gwada. Na san wannan fuskar. Ita yake yi idan an kawo masa yadin da bai yarda da shi ba.

Ya ce min a hankali, duk rigar da aka taɓa kawo masa ta ci, a wajen ninki ta fara ci. Wannan kuwa gaba ta ninku, baya ta ninku, wata nawa za ta yi? Ga ta shafal kamar kwali. Keken ɗinki na gaske sai mutum biyu sun kama, yadi na gaske a hannu ake jinsa. Baƙar tana da jiki, kuma za a samu ragowa a biya wa autarsa kuɗin jarrabawa.

Na ce masa kwamfuta ba yadi ba ce. Na ce ba nauyi muka zo saye ba, in nauyi yake so ga bulo can a ƙasan bene kyauta. Mai kwamfuta ma ya yi masa bayani cewa jan layi da mawus wani aiki ne daban. Yaya ya yi kunnen uwar shegu da mu. Da na ƙara matsawa sai ya juyo ya dube ni.

"Ke ce babba ko ni?"

Ban taɓa amsa wannan tambayar ba tun ina yarinya. Mai kwamfuta ya ce to, ya je ya gwada. In ba ta yi masa ba ya dawo da ita cikin mako a canza masa ya cika kuɗin, muddin tana nan yadda ta fita, ba ƙwarzane.

Washegari ya zo da baƙar shago, ga ɗan ganyen nan an karta a kan murfin, tsaf, har da jijiyoyinsa. Duk mun gani. Ba wanda ya ji wani abu a ransa, don a wurinmu kayan da ba shaida ba naka ba ne tukuna. Mai guga har yabawa ya yi, ya ce ganyen ya fi fitowa a kan baƙi.

Mai injin ya zauna da shi ya koya masa, Allah ya saka masa. A danna nan, a danna can, sannan a kamo tsakiya a lanƙwasa. Yaya ya riƙe mawus da yatsu uku kamar biro, abin yana zillewa. Hannunsa na kan tebur, idonsa na kan gilashi, su biyun sun kasa fahimtar juna. Layin da ke fitowa kamar tana ta bi ta kan laka. Ya goge, ya sake, ya goge. Mutumin da ban taɓa ganin ya goge zane ba, ga shi ya wuni yana gogewa, masu surfani suna satar kallonsa. Kafaɗarsa ta riƙe, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi. Kafin makon ya cika ya tsaya a kaina ya ce in raka shi wajen mai kwamfuta. Bai ce na fi shi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Na cire 'yan kunnena na sa a jaka don cikon.

Mai kwamfuta ya ciro ta daga kwali, ya bi murfin da babban yatsa, ya tsaya a kan ganyen. Ya cire tabarau. Ya ce ba zai iya karɓa a matsayin sabuwa ba, wanda yake ba shi kaya ba zai amsa ba, kuma ba mai sayenta da wannan a jiki sai a kuɗin tsohuwa. Da ya faɗi abin da zai iya bayarwa, ko da 'yan kunnena ba mu kama hanyar siririyar ba. Na tashi da masifa, na ce ɗan ganyen da bai kai farce ba, cikin kwamfutar ya shiga? Yaya ya ce in bari, mutumin bai yi mana ƙarya ba, ya faɗa tun farko. Mai kwamfuta ya ce akwai wani ɗan faifai mai alƙalami da ake jonawa, babu a hannunsa amma zai sa a kawo. Mun yi ta kira, kullum kaya na hanya.

Ƙarshen wata Yaya ya ba da zane ɗaya. Aka ɗaura ƙyallen gwaji aka kunna inji, duk shagon muka taru. Injin ba ya rufa wa kowa asiri. Duk inda hannun Yaya ya yi rawa, nan ma allura ta yi, furen dama ya fi na hagu girma, reshen ya karye a tsakiya. Mai shago ya cire ƙyallen ya duba, ya ninke ya sa a aljihu. Da ma ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Aka fitar da teburin zuwa baranda, mai guga yana tara kaya a kai. Yaya aka ba shi ɗan almakashi da kujerar roba a bayan inji, yana yanke ragowar zare a jikin zanen da aka sauko da shi daga intanet. Ya karɓa. Amma idonsa ba ya ganin abu na kusa kamar da, kuma bayan injin duhu ne. Ran nan ya haɗa zare da yadi ya datsa, ya huda farar rigar wani babban kwastoma daidai ƙirji.

Da yamma mai shago ya kira ni ofishinsa, ni, ba shi ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai Baba Zane kamar uba yake a wurinsa, ba zai iya kallon idonsa ya faɗa ba, in taimaka in gaya masa ya huta a gida. Na ce mutumin da ya goya ka a shagon nan, sallamarsa ma sai ka ba ƙanwarsa saƙo? Ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na so in ajiye masa aikinsa a wurin, amma in na ajiye, gidan namu wa zai ciyar? Na fito ina jin kunyar kaina.

Ni da Yaya muka shiga mota, muka sauka, muka kamo layinmu a ƙafa, ina ta neman ta inda zan fara. Sai da muka hango ƙofar gida Yaya ya tsaya.

"Faɗi kawai. Na ga lokacin da ya kira ki."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Kada ki gaya mata tukuna," ya ce. "Gobe mu fito tare kamar kullum."

Haka muke yi har yanzu. Da safe matarsa tana haɗa masa abinci a kula, ta ce Allah ya ba da sa'a, ya amsa da amin. Muna shiga mota tare. Ni ina sauka a ƙofar shago, shi kuma ya ce wa direba a wuce da shi gaba, ban san ina ba, kuma na kasa tambaya.