Sandar Kaka Azumi da Anti Akosuwa

A gidanmu na Zango, a Kumasi, da an idar da sallar magariba Kaka Azumi take hura wuta. Waakye take sayarwa da safe a bakin titi, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, don haka tun da yamma take ɗora waken a murhu ya yi ta nuna a hankali. Gidan yawa ne, kowane ɗaki da iyalinsa, tsakar gidan kuma ta kowa ce. Mu yara sai mu kewaye ta da faranti, wai muna taya ta tsince tsakuwa daga shinkafa. Ita ma ta san ba aikin ne ya tara mu ba. Ni da ƙanena Muntari kullum muna rigimar wanda zai zauna kusa da ƙafarta.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da na 'yan ruwa da na mai kwaɗayin da ya faɗa tukunya. Amma akwai labari ɗaya da ba ta yi masa buɗin tatsuniya. Sai dai ta gyara zama, ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ku matso, wannan ba ƙirƙira ba ce. Da ƙafata na taka ta." Da mun ji haka mun san labarin gudu ne.

Wanda ya ga Kaka a lokacin ba zai yarda ba. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta na ciwo, in za ta tashi daga kujerar tsuguno sai ta dafa kafaɗar ɗayanmu. Amma ta ce tana yarinya babu wanda ke kama ta a Zango. Mahaifinta dillalin shanu ne da ya zo daga Nijar ya zauna, yana kuma cikin 'yan kaɗan da suka yarda suka sa 'ya mace a makarantar boko. Wata rana ana gobe Babbar Sallah ragonsu ya tsinke igiya ya yi titi. Samari suka bi shi suka gaji. Ita kuwa ta ɗaure zani ta bi shi lungu-lungu, har ta cafke ƙafarsa ta baya a gaban wani malamin makarantarsu da ke jiran mota. Bayan hutun Sallah malamin ya kira ta fili ya ce ta yi tsere da maza. Ta wuce su duka.

"Baba ya ce ina, 'yarsa ba za ta yi ta tsalle a gaban mutane da gajeren wando ba," in ji Kaka, tana dariya har kafaɗunta na rawa. "Malamin nan ya yi ta sintiri gidanmu. Ƙarshe Inna ta ɗauki wandon ta ƙara masa ƙyalle har ya rufe gwiwa. Baba ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, 'To, Allah ya tsare.' Duk filin ni kaɗai ce mai wando kala biyu."

Daga tseren makarantu ta kai na yanki, daga nan aka kira ta sansanin horo a Ankara, babban birnin Ghana. Can ta haɗu da Akosuwa, 'yar Asantawa daga nan Kumasi, siririya mai dogayen ƙafafu da bakin surutu. Gadonsu na jere. Akosuwa ce ke tashin ta sallar asuba ko da yake ita Kirista ce, in kuma an dafa abin da Kaka ba ta ci, sai ta raba biredinta biyu. Kaka ta koya mata Hausa, ita kuma ta gyara wa Kaka Tonancinta, wato yaren Asantawa. Koci ya sa su a gudun miƙa sanda, inda mata huɗu ke raba zagayen fili, kowace ta yi nata ta danƙa wa ta gaba 'yar gajeriyar sanda. Kaka ce ta uku, mai shan kwana. Akosuwa ce ta ƙarshe, mai kai sandar gida.

Wata da watanni suna maimaita abu ɗaya. Akosuwa ta yi alama a ƙasa, in Kaka ta taka alamar sai Akosuwa ta fyalla ba waiwaye, ta miƙo hannu baya. Kaka ta yi kira, "Gye!" wato karɓi, ta sa mata sandar a tafi. Kaka ta ce har a mafarki takan yi wannan kiran, 'yan ɗakinsu su yi ta yi mata tsiya da safe.

Sai aka zaɓe su zuwa babban taron wasanni na ƙasashe da yawa, a wani birni na ƙetare. Kaka ba ta damu da sunan birnin ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Abin da take faɗa shi ne jirgin sama, da yadda kunnenta ya toshe, da filin da ya fi kasuwar Kumasi cika. Ranar buɗewa suka shiga a jere bayan tutar Ghana, sanye da kente, saƙin gargajiyar ƙasar. Ta ga masu jifan mashi, da masu tsallake sanda da baya, da wani dogon mutum mai jifan ƙarfe da ta ce hannunsa ya kai cinyar bijimi. A gida kuwa mahaifinta, wanda da farko ya ƙi, shi ne ya fito da rediyo ƙofar gida ya tara mutane.

In ta iso nan sai muryarta ta sauka, mu ma mu daina taɓa shinkafa.

"Bindiga ta tashi. Ta farkonmu ta yi kyau, ta biyu ta fi ta. Da sandar ta shigo hannuna, mace ɗaya ce a gabanmu. Na sha kwanar nan ban ji ƙasa ba. Na cim mata, na ga kafaɗarta, na wuce. Ga Akosuwa can, ga bayanta, ga hannunta. Na yi kira. Na miƙa. Sai na ji ƙarar abu a ƙasa."

Sandar ta faɗi, ta gangara ta fita layi. Kafin a ɗauko ta, sauran sun yi nisa. Kaka ta ce abin da ba ta manta ba shi ne yadda Akosuwa ta yi taku uku tana gudu da hannu a dunƙule, ba ta san babu komai a ciki ba.

A jirgin dawowa ba su zauna tare ba. Ba faɗa suka yi ba, kowace dai ta kasa kallon idon 'yar'uwarta. Da suka iso Kumasi suka tarar an riga an yanke hukunci. Mutanen Zango suka ce 'yar Asantawa ce ta yi gaggawar tashi. A unguwar su Akosuwa aka ce 'yar Zango ce ta saki tun hannu bai kama ba. Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga mota, har wasu mata da suka yi shekaru suna ciniki gefe da gefe suka fara jifan juna da habaici.

"Ni kuwa na yi shiru," in ji Kaka. "Kun san me ya sa? Daɗi nake ji. In aka ce laifin Akosuwa ne sai na ji ƙirjina ya yi sauƙi. Ban taɓa cewa ita ce ba, amma ban taɓa cewa ba ita ba ce. Wannan shirun ya fi faɗuwar sandar muni."

Haka aka yi kusan wata biyu. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, mahaifinta na zaune a ƙofar gida da abokansa dillalai, sai ga Akosuwa ita kaɗai, ta yafa ɗankwali a kai don girmamawa. Ta durƙusa ta gaishe su. Kaka tana zaure tana leƙe. Akosuwa ta ce da Hausarta mai karyewa, yadda kowa zai ji, "Baba, na zo faɗi gaskiya. Azumi bai yi laifi ba. Ni ne ya tashi da wuri. A daina zagin shi."

Ashe tana can tana jin yadda ake zagin Kaka a unguwarsu, abin ya hana ta barci. Ba ta ma san a Zango ita ake zagi ba.

"Kunya ta kama ni kamar in nitse," in ji Kaka. "Na fito ko mayafi babu, na ce, 'Baba, ƙarya take yi. Ni na saki. Hannuna gumi yake, na saki tun ban ji ta riƙe ba.' Ta ce ita ce. Na ce ni ce. Muka tsaya a gaban dattawa muna musu muna kuka."

Mahaifinta ya dube su, ya dubi abokansa, ya ce, "Shekara talatin ina sasanta masu saye da masu sayarwa, ban taɓa ganin mutum biyu suna rigimar wanda zai ɗauki asara ba. Ku shiga ciki a ba ku tuwo."

Ba su sake zuwa irin wannan taron ba. Shekarar da ta biyo Kaka ta yi aure, Akosuwa ta ƙara gudu na ɗan lokaci sannan ta zama malamar makaranta. Amma mu mun tashi mun san Anti Akosuwa, tsohuwa mai farin gashi da ke zuwa gidanmu duk Sallah ta ci nama, wadda Kaka ke aika wa waakye cikin kwano duk Kirsimeti. In ta zo muna tambayar ta, "Anti, tsakani da Allah, wa ya yar da sandar?" Sai ta bugi ƙirji ta ce ita ce. Kaka ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Rabu da ita, tsufa ya ci mata tunani." Mu yi ta dariya. A lokacin wasan tsofaffi muka ɗauke shi.

Kaka ta rasu ina aji biyu a makarantar koyon jinya. Sai bayan shekaru labarin ya zo ya same ni inda ban zata ba. Mahaifiyarmu na fama da hawan jini, ni da Muntari muke karɓa-karɓar kai ta asibiti. Wani mako na ɗauka shi zai kai ta, shi kuma ya ɗauka ni ce. Ba wanda ya kai ta, maganinta ya ƙare, ita kuma ba ta son damun kowa, ta yi shiru. Bayan kwana huɗu ta faɗi a tsakar gida. Allah ya sa ta tashi, amma hannunta na hagu bai koma daidai ba. Dangi suka ce ai Muntari ne, namiji ne, hankalinsa na kan motoci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba wanda ya yi tunanin ɗora mini. Na yi shiru. Muntari ya daina shigowa gida in ina nan.

Wata yamma ina shafa wa Mama mai a hannun, na ji ta ce da maƙwabciya, "Yaron nan ya rame, ko abinci ba ya ci." Nan na gane wane irin shiru nake yi, na kuma tuna wadda ta taɓa faɗa mini sunansa.

Washegari na hau trotro, wato motar haya, zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai inda Muntari ke aiki. Na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Na tsuguna na ce, "Muntari, fito." Ya fito fuska duk baƙin mai. Na ce, "Ni ya kamata in kira ka in tabbatar. Ni ce na san abin da rashin maganin ke yi. Laifina ne, kuma zan faɗa wa kowa a gida."

Na jira ya ce a'a, shi ne. Bai ce ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa. Can ya jawo benci ya kakkaɓe, ya ce, "Yaya Memuna, zauna. Kin ci abinci?"

A mota ina dawowa na ɗan ji zafin rashin amsar, har na ce a raina ai ba haka labarin yake tafiya ba. Daga baya na tuna Anti Akosuwa ba ta san abin da Kaka za ta ce ba ranar da ta tako Zango ita kaɗai. Ta zo ne don ta sauke wa ƙawarta kaya, ko da kuwa ita za a bari da shi. Na faɗa wa dangi abin da na ce zan faɗa. Wasu suka yarda, wasu suka ce kare shi nake yi.

Ranar asibiti ta gaba, tun kafin in gama shiri na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Muntari ne, ya yi wanka ya sa farar riga, ya tsayar da tasi. Ya kama Mama ta dama, na kama ta ta hagu, muka fito da ita a hankali.