Jadawalina a Furojet Ɗin Rahila

Jama'a, ku ji abin da na gani yau a Samaru.

Na kai furojet ɗina shagon Malam Iliya mai buga takardu, ya daidaita min jadawalin lissafi, don alamomin sun ƙi zama a layi. Yana buɗewa ya yi turus.

Ya ce, "Malama, ai jiya na gyara wannan jadawalin."

Na ce, "Wa ya kawo?"

Ya juyo min da kwamfutar. Nawa ne sak, har alamar da na saka a juye tana nan! A sama kuwa sunan Rahila ne, wadda muke ɗaki ɗaya.

Na kira ta. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Kina shagon Iliya ne?"

Ni kuwa ban gaya wa kowa zan je can ba.